Shin Akwai 'Yancin Mutuwa? Doka, Haƙƙin Ɗan Adam da Batun Taimaka wa Majinyaci Ya Kashe Kansa

A ranar 29 ga Afrilu, 2002, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a kan ƙarar da wata 'yar Birtaniya mai suna Diane Pretty ta shigar, kuma kwana 12 bayan hukuncin matar ta riga mu gidan gaskiya. Cutar da ta kama ta irin wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi ce, ta shanye mata jiki daga wuya har ƙafa, amma ta bar mata hankalinta garau, saboda haka ta san sarai abin da ke jiran ta, wato numfashi ya yi ta gagarar ta sannu a hankali har rai ya yi halinsa. Abin da ta roƙa shi ne babban mai gabatar da ƙara na ƙasar ya yi mata alkawarin ba zai gurfanar da mijinta gaban kotu ba idan ya taimaka mata ta kawo ƙarshen rayuwarta kafin ta kai wannan mataki. Ya ƙi, kotunan ƙasarta suka goyi bayansa, ita ma kotun Turai ta bi sahu.

Hujjar da matar ta kafa ba abar rainawa ba ce. Tun shekarar 1961 dokar Ingila ta daina ɗaukar kashe kai a matsayin laifi, amma dokar nan dai ta tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 14 ga duk wanda ya taimaka wa wani ya aikata hakan. Ke nan mai lafiyar hannu da ƙafa yana iya yin abin da doka ba za ta hukunta shi a kai ba, ita kuwa da cuta ta ɗaure ba ta da hali sai da hannun wani, wannan hannun kuma doka ta ce za ta kama shi. Alƙalan suka amsa mata cewa 'yancin rayuwa da ke sashe na 2 na yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ba za a iya murɗa shi har ya haifi kishiyarsa ba, wato 'yancin mutuwa, sai fa in za a yi wa ma'anar kalmomi karan tsaye. Duk da haka ba su sallame ta hannu rabbana ba, domin sun yarda cewa hana mutum zaɓen yadda zai yi kwanakinsa na ƙarshe yana iya taɓa 'yancinsa na tafiyar da rayuwarsa ta ƙashin kai, wanda sashe na 8 ya kare, sai dai suka ce ƙasa tana da ikon taƙaita wannan 'yanci domin kare raunana waɗanda za a iya ingiza su ga mutuwa ba da son ransu ba. Kusan duk shari'o'in da suka biyo baya, a kowace nahiya, suna kai-komo ne tsakanin waɗannan maganganu biyu.

Kafin a yi nisa, akwai abubuwan da ake yawan cakuɗawa waɗanda doka ta raba su. Ko a harshenmu ma ana samun ruɗani, domin idan aka ce kisan kai, akasari ana nufin mutum ya kashe wani, kashe kai kuwa shi ne mutum ya hallaka kansa da kansa. Taimaka wa mutum ya kashe kansa shi ne wani, galibi likita, ya samar masa da abin da zai yi amfani da shi, amma aikin ƙarshe ya kasance da hannun majinyacin. Abin da ake kira kisan jinƙai kuwa shi ne likitan da kansa ya aikata aikin bisa roƙon majinyaci. Waɗannan biyun daban suke da majinyaci ya ƙi karɓar magani, ko likitoci su cire na'urar da ke taimaka wa numfashi bayan an tabbatar ba ta da wani amfani, ko a ba mutum maganin kashe zafi mai ƙarfi da nufin sauƙaƙa masa raɗaɗi. Ƙin karɓar magani ya daɗe da samun gindin zama a dokokin ƙasashe da yawa. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓo shi a shari'ar Nancy Cruzan, wata mata da ta yi shekaru a sume, a 1990, kotu mafi girma a Birtaniya ta halatta dakatar da ciyarwa ta bututu a shari'ar Tony Bland, wani matashi da shi ma ya yi shekaru a sume, a 1993, Kotun Ƙolin Indiya kuma a 2018 ta amince mutum ya rubuta wasiyya tun yana da hankalinsa cewa kada a riƙe shi da na'ura idan ya kai wani hali. Ko majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba tare da fatan dawowa ba. A duk waɗannan, cuta ce ke kashe mutum, an dai daina tare mata hanya ne. Inda ake taƙaddama shi ne inda niyyar aikin ita ce mutuwar kanta.

Wanda ya bincika manyan yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam ba zai ga inda aka ambaci 'yancin mutuwa ba. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ce a sashe na 3 kowa yana da 'yancin rayuwa, yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa ta ce a sashe na 6 kada a raba kowa da ransa ba bisa ƙa'ida ba, yarjejeniyar Afirka ta 1981 ma ta faɗi makamancin haka a sashe na 4. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar 1966 ya fitar da dogon sharhi a 2018, inda ya ɗora wa ƙasashe nauyi biyu a wuri guda: su ɗauki matakan hana mutane kashe kansu, musamman masu rauni, sannan ƙasashen da suka halatta wa likitoci taimaka wa manya masu ciwon ajali da ke cikin matsanancin ciwo dole ne su kafa tsauraran matakan tabbatar da cewa shawarar ta majinyacin ce, ya yanke ta da sani, a fili, ba tare da matsin lamba ba. Abin lura shi ne kwamitin bai ce wajibi ne kowace ƙasa ta halatta ba, bai kuma ce haramun ne ba. Kotun Turai ma a nan ta tsaya, har a shari'ar wani lauyan ƙasar Hangari mai suna Dániel Karsai a watan Yunin 2024, wanda shi ma irin cutar Diane Pretty ce ta kama shi: kotun ta ce a wannan batu wuƙa da nama suna hannun kowace ƙasa, ta kuma jaddada muhimmancin jinyar sauƙaƙa raɗaɗi.

Da yake an bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta, sai kotuna suka watsu kowa da nasa fahimtar. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kundin tsarin mulkin ƙasar bai ba kowa 'yancin neman taimako ya kashe kansa ba, amma ta bar wa jihohi su yi nasu dokokin. A wannan shekarar dai Kotun Tsarin Mulki ta Kolombiya ta ce ba za a hukunta likitan da ya cika roƙon mai ciwon ajali ba. A Afirka ta Kudu wata babbar kotu ta ba wani lauya mai ciwon daji, Robin Stransham-Ford, izini a 2015, sai aka gano ya rasu sa'o'i kaɗan kafin a karanta hukuncin, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2016.

Kanada ce ta fi nuna yadda kotu ɗaya ke iya juya wa kanta baya. A 1993 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi roƙon wata majinyaciya mai suna Sue Rodriguez da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, amma bayan shekara 22, a shari'ar Carter ta 2015, alƙalan gaba ɗayansu suka soke haramcin. Dabarar da suka bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin da 'yancin rayuwa suka kafa hujja. Sun ce haramcin yana sa wasu majinyata su kashe kansu da wuri, tun suna da sauran ƙarfi, saboda tsoron kada su kai lokacin da ba za su iya ba kuma babu mai taimaka musu, don haka dokar da aka yi domin kare rai ita ce ke gajarta wa wasu rai. Jamus kuwa ta wuce kowa. A watan Fabrairun 2020 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke dokar 2015 da ta haramta ƙungiyoyin da ke bayar da irin wannan taimako, ta ce mutuncin ɗan Adam ya ƙunshi ikon yanke wa kansa lokacin mutuwarsa, kuma wannan iko bai taƙaita ga mai ciwon ajali ba, bai taƙaita ga tsoho ba, ko da yake ba za a tilasta wa kowane likita ya taimaka ba. Abin ya ba mutane da yawa mamaki, domin ƙasar ce inda gwamnatin 'yan Nazi ta kashe naƙasassu da masu taɓin hankali sama da 70,000 tsakanin 1939 da 1941 da sunan jinƙai. Majalisar dokokin ƙasar ta yi yunƙurin tsara sabuwar doka a 2023, amma ƙudirori biyun da aka gabatar duk suka faɗi.

Ya kamata a yi wa masu goyon bayan halattawa adalci, domin ba mutane ne masu raina rai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda bai taɓa kwana a gefen gadon mai ciwon daji da ya ci ƙashi ba bai kamata ya yi saurin yanke hukunci a kan abin da ɗan Adam zai iya jurewa ba. Suna cewa tun da doka ta yarda mutum ya ƙi magani ko da ƙin zai kai shi kabari, mene ne ya sa za ta hana shi zaɓen mutuwa mai sauƙi a maimakon mai wahala? Suna kuma cewa haramci bai hana abin faruwa ba, ya dai mayar da shi na masu hali. Dokar Siwizalan, wadda ta fara aiki tun 1942, ba ta hukunta mai taimakawa sai in don son zuciya ya yi, kuma ƙungiyar Dignitas mai bayar da irin wannan taimako, wadda aka kafa a 1998, tana karɓar baƙi daga ƙasashen waje, don haka mai kuɗin jirgi da ƙarfin tafiya yana samun abin da talaka ko wanda ya riga ya kwanta ba zai samu ba, sannan dangin da suka raka shi su dawo gida cikin fargabar 'yan sanda. Wannan fargaba ce ta sa wata mata mai suna Debbie Purdy ta kai ƙara har ta yi nasara a 2009, aka tilasta wa mai gabatar da ƙara na Ingila ya bayyana ƙa'idojin da yake bi, waɗanda aka fitar a 2010, inda aka nuna cewa wanda tausayi zalla ya motsa shi, kuma majinyacin ya yanke shawararsa da kansa cikin cikakken hankali, da wuya a gurfanar da shi.

Duk da haka, dukkan ginin yana tsaye ne a kan ginshiƙi ɗaya, wato zaton cewa doka tana iya bambance zaɓin da mutum ya yi don kansa da zaɓin da hali ya tura shi gare shi. A nan ne nake ganin maganar ta fi nauyi, kuma a nan ne ƙididdigar wuraren da suka halatta take da abin koyarwa. Jihar Oregon ta Amurka, wadda dokarta ta fara aiki a 1997, ita ce ake yawan kafa misali da ita wajen tsauri: sai baligi mai hankali, wanda likitoci biyu suka tabbatar ba zai wuce wata 6 ba, ya yi roƙo da baki har sau biyu sannan a rubuce gaban shaidu, kuma shi da kansa zai sha maganin. Hukumar lafiyar jihar tana fitar da rahoto kowace shekara, kuma abin da rahotannin ke nunawa shi ne ba zafin ciwo ne kan gaba a dalilan da ake bayarwa ba. Wajen mutum 9 cikin 10 suna ambaton rasa ikon tafiyar da kansu, wajen rabi suna ambaton tsoron zama nauyi ga iyali da masu jinya, zafin ciwo ko tsoronsa kuwa kimanin kashi 1 cikin 3 ne ko ƙasa da haka. Haka kuma kimanin kashi 1 cikin 3 na waɗanda aka rubuta wa maganin ba sa shan sa har su mutu.

Wannan batu na zama nauyi shi ne ke hana ni sukuni. Doka tana iya kama ɗan da ya yi wa mahaifiyarsa barazana saboda gado, amma ba ta da ma'aunin da za ta auna kara da kawaici. Tsohuwar da ta ga 'yarta ta bar aiki saboda jinyarta, ta ga dukiyar gida tana ƙarewa a asibiti, ta ga gajiya a fuskokin da take ƙauna, babu wanda zai ce mata komai, ita da kanta za ta kai ga tunanin cewa tafiyarta ta fi alheri. Idan likitoci biyu suka tambaye ta ko wani ya matsa mata, za ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Muddin mutuwa ta zama ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan da asibiti ke iya ajiye wa majinyaci a gabansa, to ci gaba da rayuwa ma ya zama zaɓi, kuma duk abin da ya zama zaɓi ana iya tambayar mutum dalilinsa na yin sa. Wanda a da yake kwance ana jinyarsa ba tare da ya ba kowa hujja ba, yanzu sai ya riƙa jin kamar dole ya kare dalilin da ya sa har yanzu yake nan.

Abu na biyu shi ne faɗaɗuwar sharuɗɗa, kuma wannan ba hasashe ba ne, tarihi ne da aka rubuta. Holan da Beljiyam sun halatta kisan jinƙai a 2002 ba tare da sharaɗin ciwon ajali ba, sharaɗinsu shi ne wahalar da ba ta jurewa kuma babu fatan sauƙi, abin da ya sa masu larurar ƙwaƙwalwa ma suke iya shiga. A 2014 Beljiyam ta cire iyakar shekaru, ko da yake ta gindaya wa yara sharuɗɗa masu tsauri. A Holan adadin ya tashi daga ƙasa da 2,000 a farkon dokar zuwa sama da 9,000 a 2023, wato fiye da kashi 5 cikin 100 na dukkan mace-macen ƙasar. Kanada ta yi dokarta a 2016 da sharaɗin cewa mutuwar mutum ta kusa a iya hangen likita, sai wata kotu a lardin Kwibek ta ce a 2019 wannan sharaɗi wariya ne ga masu wahala waɗanda ajalinsu bai kusa ba, majalisa ta cire shi a 2021, kuma a 2023 sama da mutum 15,000 ne suka mutu ta wannan hanya, kusan kashi 5 cikin 100 na mace-macen shekarar. Gaskiya ne cewa mafi yawansu, sama da kashi 95 cikin 100, waɗanda mutuwarsu ta kusa ne a iya hangen likita, kuma gaskiya ne cewa Oregon ta riƙe sharaɗinta na wata 6 sama da shekara 25. Amma faɗaɗuwar tana da dalili a cikin hujjar kanta. Idan tushen halattawa shi ne ikon mutum a kan ransa, da wane dalili za a hana wanda ba shi da ciwon ajali? Idan kuma tushen shi ne sauƙaƙa wahala, da wane dalili za a hana wanda zai yi shekara 30 yana wahala, a ba wanda saura masa wata 3? Kowace iyaka da majalisa ta shata, wani zai kai ta kotu da sunan wariya, kuma sau da yawa hujjarsa za ta fi ta iyakar ƙarfi.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin naƙasassu da dama suka kasance cikin masu tsananin adawa, alhali ba addini ne ya motsa su ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ta ce a sashe na 10 dole a tabbatar musu da 'yancin rayuwa daidai da kowa. Tambayar da suke yi ita ce: idan mai lafiya ya ce ya gaji da rayuwa, hukuma takan ɗauke shi a matsayin mai buƙatar ceto, a nema masa likitan ƙwaƙwalwa, a sa masa ido, idan naƙasasshe ya faɗi maganar nan dai, sai a ce ya yi amfani da 'yancinsa. Ashe ba wani hukunci ake yankewa a ɓoye ba game da ran da ya cancanci a yi gwagwarmaya a kansa da wanda bai cancanta ba? Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun rubuta wa gwamnatin Kanada a 2021 suna nuna damuwa a kan haka, kuma a 2025 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya shawarci ƙasar ta soke sashen da ya shafi waɗanda ajalinsu bai kusa ba. Naƙasasshen da ba shi da muhalli mai kyau, ba shi da mai ɗaga shi, kuɗin tallafinsa ba ya isar sa, idan ya nemi mutuwa, yana da wuya a rantse cewa naƙasar ce ta gallabe shi ba talaucin ba.

Sannan akwai batun sa ido, wanda a takarda yake da kyau ƙwarai. A Holan da Beljiyam kwamitin bincike yana duba takardun ne bayan mutum ya riga ya mutu, kuma likitan da ya yi aikin shi ne ke kai rahoton. Wani ɗan Beljiyam mai suna Tom Mortier, wanda mahaifiyarsa mai fama da ciwon damuwa na shekaru masu yawa ta mutu ta wannan hanya a 2012 ba tare da ya sani ba sai washegari, ya kai ƙara kotun Turai. A 2022 kotun ta ce dokar Beljiyam a karan kanta ba ta saɓa wa 'yancin rayuwa ba, amma ta kama ƙasar da laifi domin likitan da ya yi aikin yana cikin kwamitin da ya duba aikin, kuma bai janye ba. Sifen kuwa, da ta yi dokarta a 2021, ta sa kwamiti ya amince kafin a yi aikin. Hakan ya fi, amma bai warware matsalar asali ba, domin hasashen likita game da sauran kwanakin mutum yana kuskure, ciwon damuwa yana ɓuya a cikin ciwon jiki ba a gane shi ba, sha'awar mutuwa kuma tana zuwa tana tafiya, sau da yawa takan lafa idan aka magance zafi ko kaɗaici ko damuwar da ta haifar da ita. Kuskure a kowane fannin doka ana iya ɗaukaka ƙara a gyara, ban da wannan.

Likitan ma yana da haƙƙi a cikin maganar. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta a 2019, ta kuma ce kada a tilasta wa likita ya yi aikin ko ya tura majinyaci ga wanda zai yi, ita kuwa ƙungiyar likitocin Birtaniya ta koma 'yar ba-ruwanmu a 2021. A shekarar 2019 ɗin dai wakilan Musulmi da Kirista da Yahudawa suka sa hannu a wata takardar haɗin gwiwa a fadar Fafaroma suna ƙin amincewa da kisan jinƙai tare da kira ga ƙarfafa jinyar masu ciwon ajali. Ga Musulmi nassi a bayyane yake, domin aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa, kuma rai amana ce ba mallaka ba. Amma ko an ajiye addini gefe, tambayar amana tsakanin majinyaci da mai magani tana nan: mutumin da ba ya iya motsi yana bukatar ya tabbata cewa wanda ya shigo ɗakinsa da allura ba shi da wata manufa face ya sauƙaƙa masa.

Abin da ya fi ba ni takaici a dukkan wannan muhawara shi ne yadda ta danne wata magana da ta fi ta girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 57 ne ke buƙatar jinyar sauƙaƙa raɗaɗi kowace shekara, kuma kashi 14 cikin 100 kacal ne ke samu. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na maganin kashe zafi na mofin da ake rarrabawa, alhali magani ne mai araha da aka sani tun ƙarni na 19. Tun 1967, lokacin da wata likita mai suna Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan, aka nuna cewa mafi yawan zafin ƙarshen rayuwa ana iya shawo kansa idan akwai magani da ƙwarewa, kuma babban taron lafiya na duniya ya zartar a 2014 cewa wannan jinya ɓangare ce ta aikin kowace hukumar lafiya. Idan akwai haƙƙin ɗan Adam da ake takewa a gadon mutuwa a yawancin duniya, to wannan ne, kuma babu wata kotu ko addini ko ƙungiyar likitoci da ke jayayya a kansa. Ƙasar da ta halatta wa mutum mutuwa kafin ta tanadar masa maganin zafi da mai jinya ba ta ba shi zaɓi tsakanin abu biyu ba, ta dai nuna masa hanya ɗaya mai araha.

Ni dai a ganina, matsayin da ya fi kusa da adalci shi ne doka ta tabbatar wa majinyaci 'yancinsa na ƙin maganin da ba ya so, ta mayar da sauƙaƙa raɗaɗi haƙƙi da za a iya kai hukuma ƙara a kansa, ta riƙe haramcin taimaka wa mutum ya kashe kansa, sannan ta bar wa mai gabatar da ƙara da alƙali sarari na yin sassauci ga dangin da tausayi ya rinjaye su. Na san wannan matsayi yana da tsada, kuma mutane irin su Diane Pretty ne ke biyan ta, mutanen da hankalinsu cikakke ne, babu mai matsa musu, kuma akwai wani ɓangare na wahalarsu da magani ba ya kaiwa gare shi. Ba na jin daidai ne a yi kamar babu su. Sai dai doka ba a ɗinka ta daidai jikin mutum ɗaya, kuma wadda za ta buɗe wa mai ƙarfin hali hanya ita ce dai za ta shafi tsoho mai kara, da naƙasasshe matalauci, da mai ciwon damuwa da ba a gano ba.

Guguwar dai tana ci gaba da kaɗawa ta ɓangaren halattawa a ƙasashen Yamma. Niyu Zilan ta amince ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2020, Ostiriya ta fara aiki da tata dokar a 2022, kuma a watan Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta amince da wani ƙudiri irin na Oregon da ƙuri'a 314 a kan 291 kafin a miƙa shi majalisar dattawa. A Kanada kuwa an tsara tun farko cewa waɗanda larurar ƙwaƙwalwa kaɗai ke damun su za su shiga cikin dokar a 2023, sai aka ɗage zuwa 2024, aka sake ɗagewa zuwa watan Maris na 2027, bayan da likitocin ƙwaƙwalwa suka kasa cimma matsaya a kan yadda za a tabbatar cewa irin wannan larura ba ta da sauran magani, da yadda za a bambance roƙon da ya fito daga cikakken hankali da wanda cutar ce da kanta take yin sa.